Mai Raba Taswira

Shekara talatin da ɗaya ina bayan tagar nan,
a ƙaramar tashar jirgin ƙasa, gindin dutse,
ni Sumie, 'yar masunci,
da jan biro ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa.

Jirgin tara da kwata ya juye baƙi:
masu jakar goyo, masu sandar ɗaukar hoto,
tsofaffi a bayan tutar jagora kamar 'yan agwagi.
Bakinsu ɗaya: ta ina za mu fara?

Sai in shimfiɗa taswira, in zana da'ira.
Nan maɓuɓɓugar ruwan zafi,
warinta na ruɓaɓɓen ƙwai, amma ku daure,
a can ciwon gwiwa yake kwana.
A cuɗa jiki tukuna kafin a shiga,
tawul bisa kai, kada ya taɓa ruwa.
Nan matakala ɗari huɗu da tara zuwa wurin bauta,
jar ƙofa a sama, ba bango, ba ƙyaure.
Wanda ya ƙirga daidai,
Genzo mai shayi zai ƙara masa curin shinkafa.
Nan kasuwar asuba, ƙaguwa na miƙa a kan ƙanƙara.
Gidan kallon kifaye ba ya buɗewa ran Talata.
Barewar lambu ta iya rusunawa, ba musu,
amma ɓarauniya ce,
ta cinye mini taswira ta fi ɗari.

Da'irar ƙarshe da sauri nake yin ta:
akwatin gilashi mai bin igiya zuwa ƙololuwa.
Minti goma sha biyu kana reto tsakanin sama da ƙasa,
in gari ya washe har tsibiri ake hange.
Haka nake faɗa.
Haka aka faɗa mini.

Mijina Tokuji ke shafa wa igiyar nan mai.
Ya ce bari ganye ya yi ja, zan kai ki.
Ganye ya yi ja, baƙi suka yi yawa.
Ya ce bari itatuwa su yi fure.
Fure ya zube a kwata, muna kan aiki.
Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi,
ai dutsen ba tashi zai yi ba.
Dutsen bai tashi ba.
Shi ya tashi, bara waccan, da safiyar Laraba.

Shekaranjiya wata yarinya mai giɓi
ta ɗora haɓa a kan katakon taga:
Kaka, ke wanne kika fi so?
Biro ya tsaya a hannuna.
Uwarta ta ja ta, jirgi ya yi kuka,
tambayar ta ƙi shiga jirgin.

Jiya, ranar ƙarshe kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya,
na sauke labule da azahar,
na biya kuɗina cif kamar baƙuwa.
Yaron ƙofa bai ma gane ni ba cikin hula.

An ce gani ya kori ji.
To, ban ga komai ba.
Gajimare ya sauko ya zauna daram a kan dutsen,
ba teku, ba tsibiri, ko rufin tasha.
Sai ƙugin igiya bisa kaina,
sai ƙanshin baƙin man nan
da na shekara talatin ina wankewa daga hannun riga.

A sama akwai hatimin baƙi ɗaure da sarƙa.
Na buga shi a bayan taswira, ya fito a karkace.
Na sha shayi mai tsada, ba daɗi,
na zauna har aka kaɗa ƙararrawar sauka.

Yau jirgin tara da kwata ya makara.
Mutum biyu kacal, da jiƙaƙƙiyar laima.
Na zana musu ruwan zafi, na zana kasuwa,
na zo kan dutsen, na danna biro sosai.
An rufe sai bazara, na ce,
amma ku dawo.
Ko da gajimare, ku hau.